Gara Mawaƙi Ya Sauke Murya Da Ya Yi Mana Mamin

Akwai wani ƙorafi da na gaji da ji a bakin mutanen Abuja idan an tashi daga dina ko wani taron da aka gayyato mawaƙin da ya kwana biyu a duniya. Tun kafin a kai inda aka ajiye motoci za ka ji wani ya ce, "Kai, wane fa ya gama. Ka ji yadda ya yi ƙasa da waƙar nan? Ai ba haka take a kaset ba." Na kusa da shi ya gyaɗa kai, a yi ta jimami kamar an yi rashi. Ni dai ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Mawaƙin da ya sauko da waƙarsa ta dawo daidai da maƙogwaronsa na yau bai cuci kowa ba. Wanda ya cuce mu shi ne wanda muka fito muna yabawa, muna cewa muryarsa ba ta tsufa, alhali tun da ya hau dandamali bai rera ko baiti ɗaya ba.

Ga wanda bai taɓa tsayawa kusa da makaɗan zamani ba, kowace waƙar da aka naɗa a sutudiyo tana da matakin da aka ɗora ta a kai, abin da masu fiyano ke kira ki. Matakan goma sha biyu ne, daga nan sai su sake zagayowa. Idan aka ɗauki waƙar gaba ɗayanta, kiɗa da murya, aka sauko da ita mataki ɗaya ko biyu, karinta bai canza ba, kalmominta suna nan, gudun kiɗan ma bai ragu ba. Abin da ya sauya kawai shi ne tsawon ƙololuwar da mawaƙin zai haura. Irin fiyanon Yamaha da ya cika sutudiyoyin Kano da zaurukan bikin Abuja ma maɓalli gare shi na musamman don wannan aiki. A danna sau biyu, komai ya sauko, yatsun makaɗi kuma suna bin inda suka saba bi.

Dalilin saukowar kuwa ba lalaci ba ne. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani biyu da iskar huhu ke kaɗawa su ba da sauti. Kafin su fitar da siririyar murya ta can sama, sai sun miƙe sun ɗaure tamau. Idan shekaru suka tura, namansu yakan ragu, danshinsu ya ja baya, guringuntsin maƙogwaron ya fara taurin ƙashi, huhu kuma ya rage yawan iskar da yake iya riƙewa. Saman muryar ne ke fara tafiya. Mata kuma, bayan ɗaukewar al'ada, muryar takan yi kauri ta sauko. Ka ɗora wa wannan halin da mawaƙinmu yake aiki a ciki: ya taso daga Kano ko Katsina da hantsi, ya sha ƙurar hunturu a hanyar Kaduna, ya iso ya zauna a zauren da na'urar sanyaya ɗaki ta busar da iskarsa, an rubuta ƙarfe bakwai a kati amma amarya ba ta shigo ba sai goma ta gota. Sannan a miƙa masa makirufo a ce ya fito da muryar da ya yi amfani da ita shekara ashirin da biyar da suka wuce, da rana tsaka, bayan ya yi barci ya ƙoshi, a ɗakin da in ya yi kuskure za a goge a sake.

Turawa masu kiɗan rok sun daɗe da wuce wannan gardama, ko da yake masoyansu ba su daina ta ba. Ranar 10 ga Disamba 2007 ƙungiyar Led Zeppelin ta sake haɗuwa a zauren O2 da ke Landan, don tunawa da Ahmet Ertegun, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin faifai na Atlantic. Mutum kusan miliyan 20 ne suka nemi tikitin zauren da bai wuce cin mutum dubu 20 ba. Mawaƙinsu Robert Plant, wanda ya yi suna da ƙarajin da yake kaiwa can sama tun yana ɗan shekara ashirin, a daren nan shekararsa 59. Sai suka sauko da da dama daga cikin waƙoƙin da mataki biyu, har da Stairway to Heaven da aka fi sanin su da ita. Ba wanda ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Da aka fitar da naɗin wasan a 2012 da sunan Celebration Day, sai da ya ci kyautar Grammy. A shekarar 2007 ɗin dai ƙungiyar Genesis ma ta sauko da waƙoƙinta saboda Phil Collins. Elton John kuwa tun da aka yi masa aiki a maƙogwaro a Ostareliya a farkon 1987 muryarsa ta yi kauri, kuma da kaurinta ya ci gaba da cika filayen wasa har sama da shekara talatin. Akwai masu taurin kai irin Paul McCartney, da aka san shi da nacewa a kan rera yawancin waƙoƙinsa a matakin da ya naɗe su tun yana saurayi. Ina girmama naciyarsa, amma duk wanda ya saurari wasanninsa na 'yan shekarun nan ya ji inda muryar take rawa tana neman tsinkewa. Ban ga abin da aka ƙaru da shi ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce Joni Mitchell 'yar Kanada. Ta naɗi waƙarta Both Sides Now a 1969 da murya siririya garau. A 2000 ta sake naɗar ta can ƙasa, a hankali, da muryar da shekaru da taba suka dafa. A Fabrairun 2024 kuma, tana da shekara 80, ta rera ta a zaune a kan kujera a bikin Grammy. Mutane da yawa sun fi son na baya a kan na farkon, domin waƙa ce ta wanda ya ga jiya ya ga yau, kuma sai a bakin tsohuwa maganar ta zauna.

To amma me ya kai ni Landan alhali amsar tana gida? Abin da Turawa suka sha gardama kafin su amince da shi, makaɗanmu na gargajiya ba su ma taɓa ɗaukar sa matsala ba, saboda yadda aka gina kiɗan namu tun asali.

Ɗauki Alhaji Mamman Shata. Ya yi fiye da rabin ƙarni yana waƙa kafin rasuwarsa ranar 18 ga Yuni 1999. Wa ya taɓa jin an ce Shata ya sauke ki? Babu ki ɗin da zai sauke. Kalangu ba shi da matakin da aka kafe shi a kai. Makaɗi ne ke matse igiyoyin jikinsa a hammata sautin ya hau, ya sassauta ya sauko, kuma fatar kanta yadda take amsawa da damina daban, da hunturu daban. Shata zai buɗe baki a inda muryarsa take a wannan daren, 'yan amshi su karɓa a inda ya ajiye, masu kalangu su bi. Kowa shi yake bi, ba shi yake bin wani akwati ba. Shi ya sa waƙarsa ta Bakandamiya ba guda ɗaya ba ce. Ya yi ta a lokuta daban-daban, a garuruwa daban-daban, kuma wanda ya jera su ya saurara zai ji mutum yana girma a cikin waƙarsa: ta ƙuruciya da kaifi da gaggawa, ta manyanta da nauyi da isa. Ban taɓa jin wani masoyin Shata ya ce ta baya jabu ce ba.

Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a Yunin 2015, nasa ma ya fi sauƙi. Shi kaɗai ne da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Shi ne mawaƙin, shi ne makaɗin, shi ne mai ɗaure tsirkiyar. Idan ya tashi da mura, babu wanda zai nemi izininsa kafin ya sassauta ta. Hajiya Barmani Choge da ƙwaryarta da matan da ke mata amshi haka suka yi ta yi a gidajen biki har ƙarshen rayuwarta a 2013, kuma kaurin da muryarta ta yi a shekarun baya bai hana mata tashi su cashe ba.

Sai kuma babbar dabarar da nake ganin ta fi maɓallin fiyano hikima, wato amshi. Masu nazarin waƙar baka irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi bayanin yadda ake raba aiki tsakanin jagora da 'yan amshinsa: gindin waƙa da ake maimaitawa, da ɗiyan da jagora ke kawowa, da wuraren da zai fara layi yaransa su ƙarasa masa. A saurari Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda shi kansa da amshi ya fara a bayan yayansa Abdu Kurna kafin ya zama jagora, ya kuma yi ta waƙa har tsufa kafin rasuwarsa a 1991. Jagora ya jefa magana, samari masu sabon huhu su ɗauke ta su kai ta sama su riƙe, shi kuma ya samu ya numfasa, ya haɗiye yawu, ya shirya ɗa na gaba. Tsari ne da ya san mutum zai tsufa, ya kuma tanadar masa wurin zama tun kafin tsufan ya zo. Tsohon yana kawo abin da samari ba su da shi, wato sanin me za a faɗa da kuma wa za a faɗa wa, su kuma suna kawo abin da ya ƙare masa.

Wani abin dariya ma, "ainihin muryar" da muke ta rantsuwa da ita, wa ya tabbatar mana ita ce? Mu da muka tashi da rakoda mun san idan batir ya yi sanyi Shata yakan koma wani basamude mai jan magana, idan kuma injin mai kwafi yana gudu fiye da kima sai ya dawo kamar ɗan samari. Kaset ɗin da ke gidanmu an kwafo shi daga wani kaset, shi ma daga wani, kowane inji da nasa gudun. Da yawa daga abin da aka ɗora a YouTube yau daga irin waɗannan aka ɗebo.

Matsalar ta shigo ne da sutudiyo. Daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, har fim irin Sangaya ya sa kowane gida rera waƙarsa, fiyano ya maye gurbin makaɗa. Aka koma ɗora murya a kan kiɗan da aka riga aka kafe. Kuma da yake kunnenmu ya sha finafinan Indiya ya ƙoshi, sai aka ɗauka daɗin waƙa shi ne siranta, musamman ga mata, kowace ana so ta yi ta Lata Mangeshkar. Daga baya manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, ta iso ta ƙarasa aikin: inda muryar ba ta kai ba, kwamfuta ta ja ta ta kai. Sakamakon shi ne muna da tarin waƙoƙin da aka naɗa a matakin da mai waƙar kansa bai iya kaiwa a tsaye gaban jama'a ko a ranar da ya naɗe su, balle bayan shekara ashirin.

Daga nan mamin, wato motsa baki a kan waƙar da aka riga aka naɗa, ya samo asali, kuma a nan Abuja ya samu gidan zama. Na halarci wata dina a wani zaure a Wuse II, teburinmu dab da inda dije ya kafa kayansa. Da aka kira mawaƙin, wani yaronsa ya riga shi zuwa, ya zaro filashi daga aljihun gaban rigarsa ya miƙa, ya raɗa wa dije lambar waƙar. Maigidan nasa ya fito cikin farar shadda tana ɗaukar ido, murya ta cika zauren, tas da ita, ba tari ba haki. Ana cikin haka uban amarya ya taso zai yi liƙi. Mawaƙin, da yake mai ladabi ne, ya sauke makirufon zuwa gwiwarsa, ya rusuna, ya kama hannun dattijon da hannu biyu suna gaisawa, ina kallon bakinsa yana cewa "Allah ya ƙara girma." A lasifika kuwa muryarsa tana can sama tana jan baiti, ba ta ko girgiza ba. Babu wanda ya damu. Matar da ke kusa da ni ma cewa ta yi, "Wallahi muryarsa tana nan yadda take." Gaskiya ta faɗa. Tana nan yadda take, a cikin filashi.

A 1990 an ƙwace kyautar Grammy daga hannun Milli Vanilli da aka gano ba su suka rera waƙoƙinsu ba. Na san namu bai kai nan ba, tunda muryar da ke cikin filashin ta mai ita ce. Amma abin da aka gayyato shi ya yi, bai yi ba.

Kwatanta wannan da abin da na gani a wani lambun shan iska a Garki, irin waɗanda ake gasa kifi ana kiɗa a daren Juma'a. Mawaƙin dattijo ne mai furfura, yana bin tsofaffin waƙoƙi irin na su Bongos Ikwue. Kafin ya shiga wata waƙa sai ya kau da kai daga makirufo, ya ɗan yi gunjin farkonta a maƙoshi, ya yamutsa fuska. Ya mayar da hannu baya, ya nuna wa yaron da ke kan fiyano yatsa biyu suna kallon ƙasa. Yaron ya danna, mai jita ya matsar da hannunsa, suka shiga. Duk abin bai kai tsawon kurɓar ruwa ba, kuma cikin masu cin kifi ba wanda ya ɗaga kai. Da waƙar ta zo inda take hawa, ya hau lafiya, da ɗan ƙarfinsa na ajiya. Yawancin yaran nan masu fiyano a coci suka koya, inda wata uwa za ta ɗauko waƙa daga cikin taro a duk matakin da ya zo mata, kuma dole yaro ya lalubo ta cikin daƙiƙa kaɗan. Kunnensu ya saba da bin mutum. Ashe tarbiyyar mai kalangu ce, ta biyo ta wata ƙofa.

Ban ce babu abin da ake rasawa ba. Akwai waƙar da zafinta yana cikin wahalar da mawaƙi ke sha kafin ya kai sama, jijiyar wuya ta tashi, mai sauraro ya ji kamar abin zai tsinke bai tsinke ba. Ka sauko da irin wannan da yawa, sai ta yi sanyi ta zama hira. Mataki ɗaya ko biyu kunnen yawancinmu ba ya kamawa. Idan aka kai huɗu ko biyar, waƙar ta fara zama wata. A nan mawaƙi yana da zaɓi: ya ba 'yan amshi wurin, ko ya sake wa waƙar gini yadda Joni Mitchell ta yi, ko ya ajiye ta ya ɗauko wata. Akwai kuma ranar da ko an sauko muryar ba za ta ɗauka ba, kuma masoyin gaskiya shi ne wanda zai iya gaya wa gwaninsa ya huta. Amma ga mai waƙa da Hausa, haɗarin naciya ya fi na saukowa. Harshenmu da hawa da sauka yake rarrabe magana. Idan aka sauko da waƙa dukkanta, tazarar da ke tsakanin gaɓa mai hawa da mai sauka tana nan, magana ta fita daidai. Idan kuwa mawaƙi ya nace a sama yana kasa kaiwa, saman ne yake danne wa, karin maganar ya lauye, ka ji Bahaushe yana Hausa kamar baƙo.

Kuma kada a ɗora wa mawaƙa laifin duka. Mai biki a garin nan zai biya kuɗin zaure, ya biya masu ado da furanni, ya biya har mai busa hayaƙin da amarya za ta ratsa. Amma da mawaƙi ya ce zai zo da makaɗa da 'yan amshi, ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci, ga awa guda ta gwada sauti kafin baƙi su iso, sai a ce masa, "Haba Alhaji, ka zo da filashinka kawai, minti goma ne fa." Da yawan zaurukan ma ba a tanadi lasifikar da mawaƙi zai riƙa jin kansa da ita ba, kuma wanda ba ya jin kansa dole ya kauce. Sannan ga wayoyi ɗari a sama suna ɗauka. Ya san in muryarsa ta fashe sau ɗaya, kafin ya isa masauki an yanko wurin an saka a TikTok ana dariya. In ni ne shi, ina ganin ni ma filashin zan miƙa. Mu ne muka sa gaskiya ta yi tsada, muka kuma sa ta zama abin kunya.

Abin da ya sa maganar ta dame ni yanzu shi ne lokaci ya zo. Mawaƙan da suka buɗe zamanin sutudiyo, tsararrakin Misbahu M. Ahmad da Sadi Sidi Sharifai da Aminu Ala da Fati Nijar, da waɗanda suka biyo bayansu irin su Nazifi Asnanic da Ali Jita, ba yara ba ne kuma. Ala an haife shi a 1973, ya haura hamsin. Su ne rukunin farko na mawaƙan Hausa da za su tsufa alhali muryar ƙuruciyarsu tana cikin aljihun kowa, tsaf, ba batir mai sanyi, ana auna su da ita kullum. Shata bai fuskanci wannan ba. Ina so in ji su suna da shekara sittin da biyar, a Cibiyar Cyprian Ekwensi da ke Area 10 ko a duk zauren da ya samu, da makaɗa a bayansu, da samari masu amshi, a matakin da ya yi musu daidai a wannan daren. Mai shirya taro ya riƙa faɗa a sanarwa ko da makaɗa za a yi ko da filashi, kowa ya san abin da ya saya.

Muna da Shata na shekaru daban-daban ne saboda duk inda ya tsaya da bakinsa ya yi, gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano da masu rakoda suka naɗa. Yanzu kuwa kowane biki ana ɗaukar sa a waya ta kusurwa goma, an tara bidiyon da ba a taɓa tara irinsa ba. Amma wanda zai zo nan gaba yana neman yadda muryar wane ta koma bayan ya manyanta, zai buɗe na bikin 2015, ya buɗe na 2025, ya ga furfura ta ƙaru, ya ga riga ta canza, sautin kuwa guda ɗaya ne, wanda aka naɗa a wani ɗaki a Kano tun ana sayar da kaset.